Venenum, virus, potio da toxicum: daga ina kalmomin guba na Latin suka fito, kuma me suka haifa?

Ɗalibin Harshe:
Assalamu alaikum malamai. Tambaya ce kan kalmar guba a Latin. Wasu ƙamusoshi na ba da venenum, wasu virus, wasu toxicum. Amma Faransanci da Ingilishi suna cewa poison, wadda ba ta yi kama da ko ɗaya a cikin ukun ba. Wacce ce ainihin kalmar, kuma daga ina ta samo asali?

Malam Bazazzagi:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kalmar da mutumin Rum zai faɗa in ana maganar guba a kotu ko a kasuwa ita ce venenum. Virus ta fi tafiya da ruwa mai yauƙi ko wari da ke fita daga jikin dabba ko tsiro, har da dafin maciji. Toxicum aro ce daga Girkanci. Ita kuwa poison daga potio ta fito, wadda ma'anarta "abin sha". Kalmomi huɗu ke nan, kowacce da zuriyarta.

Mu fara da venenum. Da farko gyara furuci: harafin V a Latin na zamanin Cicero, lauya kuma marubucin Rum na ƙarni na 1 kafin Miladiyya, "w" ne, don haka "weneenum" ake faɗi, wasalin farko gajere, na biyu dogo. Wannan tsawon shi ne mabuɗin asalinta. Tsohuwar siffar da masana suka sake ginawa ita ce *wenes-nom. Tauraron da ke gaba alama ce cewa ba a samu kalmar a rubuce ba, ƙa'idar sauti ce ta kai mu gare ta. *Wenes- na nufin sha'awa ko so, -no- kuma ɗafa-ƙeya ce mai ma'anar "abin da ya shafi kaza". A Latin, in s ta zo dab da n sai ta faɗi, wasalin da ke gabanta ya ƙara tsawo ya cike gurbinta. Ba a wannan kalma kaɗai ba: *egesnos ta zama egenus "mabuƙaci", s ɗin kuma tana nan a 'yar'uwarta egestas "talauci". *Casnos ta zama canus "mai furfura". Haka *wenesnom ta zama venenum.

Wannan *wenes ita ce sunan Venus, gunkiyar soyayya ta Rumawa, wadda aka sa wa tauraruwar Zahra sunanta. Saboda haka ma'anar venenum ta farko "abin jawo so" ce, wato irin maganin da ake ba mutum don a mallaki zuciyarsa.

Abu Maryam:
Malam, ina da ja. Isidore na Seville, wanda ya rasu a 636, ya rubuta cewa an kira ta venenum ne domin tana bin venae, wato jijiyoyin jini. Shi da Latin ya tashi yana karatu da rubutu. Ma'anar ma ta fi zama a hankali: dafi ai jini yake bi. Me zai sa a bar bayanin mai harshe a kama kalmar da babu wanda ya taɓa ganinta a rubuce?

Malam Bazazzagi:
Ja mai kyau, Malam Abu Maryam, kuma gaskiya ne Isidore ya faɗi haka. Matsalar a wasali take. Vena tana da dogon e a gaɓar farko, venenum tana da gajere. Ba zato ba ne: waƙoƙin Latin a kan tsawon gaɓa aka gina su, kamar arulin Larabci, don haka duk baitin da kalmar ta fito yana nuna nauyin kowace gaɓa. A baitocin Virgil da Ovid, mawaƙan Rum, gaɓar farko ta venenum sassauƙa ce, ta vena kuwa nannauya. Da daga vena aka ciro ta, da tsawon ya biyo ta.

Na biyu, zuwa zamanin Isidore bambancin dogo da gajeren wasali ya riga ya zube a bakin jama'a, shi ya sa kunnensa bai ji saɓanin ba. Jin harshe daban, sanin yadda sautinsa yake shekara dubu kafin haihuwarka daban. Na uku, bayanin jijiya yana aiki ne kawai in ma'anar farko "mai kisa" ce, alhali tsofaffin nassoshi sun nuna ba haka ba ne. Barista zai fi ni bayani a nan.

Barista:
Na gode, Malam. Dokar Rum ta adana tsohuwar ma'anar fiye da kowane adabi. Gaius, masanin shari'a na ƙarni na 2, ya ce duk wanda ya ambaci venenum dole ya ƙara ko mummuna yake nufi ko mai kyau, domin magunguna ma venena ne. Maganar tana cikin kundin Digest da aka haɗa a zamanin sarki Justinian a 533.

Dokar da Sulla ya kafa a shekara ta 81 kafin Miladiyya kan masu kisa da wuƙa da masu sa guba ba ta haramta venenum haka kawai ba. Abin da ta haramta shi ne venenum malum, "mummunan venenum": haɗa shi, sayar da shi, ko ajiye shi da nufin kisa. Marcian, wani masanin na ƙarni na 3, ya yi sharhi cewa ƙarin kalmar "mummuna" shaida ce akwai wanda ba mummuna ba. Ya ce sunan tsaka-tsaki ne, ya haɗa abin warkarwa da abin kisa, har da wanda ake kira amatorium, maganin soyayya. Kun ga ma'anar da Malam ya ciro ta hanyar sauti ta fito da bakin lauyan Rum.

Wurin da aka fi samun rikici a aikace shi ne niyya. Majalisar dattawa ta yanke cewa macen da ta ba wata maganin samun ciki, ba da mugun nufi ba, amma wadda ta sha ta mutu, korarta za a yi daga gari. Masu sayar da kayan haɗi kuma, in suka ba da tsirrai masu guba irin su cicuta, aconitum da mandragora, ko cantharides, da ganganci, hukuncin dokar ya hau kansu. Cantharides busasshen ƙwaro ne da ake ba mutane a matsayin magani, ɗan ƙari kan ƙima sai ya lalata ƙoda.

Livy, marubucin tarihin Rum, ya ba da labarin abin da ya faru tun kafin wannan doka, a shekara ta 331 kafin Miladiyya, lokacin da manyan mutane suka yi ta mutuwa a Rum, wata baiwa ta tona cewa matan manya ne ke dafa magunguna. An kawo ashirin daga cikinsu dandali. Biyu, Cornelia da Sergia, suka dage cewa na lafiya ne. Aka ce to su sha. Suka sha, suka mutu, daga baya aka hukunta kimanin 170. Kariyar da suka kawo ba ta yiwuwa sai a harshen da magani da guba ke zaune a tukunya ɗaya.

Malama Bakatsiniya:
Ƙari kan na Barista: Virgil ya yi amfani da venenum da ma'anar rini, inda yake maganar farin ulu da ba a rina da "venenum na Assuriya" ba. Duk ruwan da ke sauya halin abin da ya taɓa, jiki ne ko zuciya ko zare, sunansa ke nan. Sannan veneficium, daga venenum da facere "yi", tana nufin sa guba, tana kuma nufin sihiri. Asalinta *venenificium ce, aka haɗiye gaɓa ɗaya daga cikin biyu masu kama da juna.

Abu Maryam:
Na karɓi maganar wasali. Amma har yanzu akwai abin da ya tsaya mini. In tushen *wenes- ne da s, me ya kawo r a Veneris, venerari da sauransu? Tushe ɗaya ya ba da s nan, r can, babu komai a venenum?

Malam Bazazzagi:
Ƙa'idoji biyu ne, kowacce da muhallinta. S a ƙarshen kalma tana zama: Venus. S tsakanin wasula biyu ta koma z, sannan r: *Wenes-es ta zama Veneris, kamar genus da generis, ko flos da floris. S kafin n ta faɗi: venenum. Sauyin s zuwa r ma an san lokacinsa, ƙarni na 4 kafin Miladiyya. Cicero ya rubuta cewa Papirius Crassus, wanda ya riƙe mulki a 340 kafin Miladiyya, shi ne na farko a gidansu da ya daina amsa Papisius. Sauyin ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, tunda maza-maza ta ba mu marmaza.

Hanyar gwada kowane asali da aka kawo maka ita ce wannan. Nemo siffa mafi tsufa a rubuce tare da tsawon wasulanta. Raba tushe da ɗafi. Duk sauyin sautin da ka yi da'awa, kawo aƙalla wasu kalmomi biyu ko uku da ya faru a cikinsu a muhalli iri ɗaya. Sai a ƙarshe ka duba ma'ana. Masu kuskure daga ma'ana suke farawa, su ga ta yi daɗi, sai su tilasta wa sauti. A wajen Latin tushen yana nan a Sanskirit vanas "sha'awa", Jamusanci Wunsch da Ingilishi wish "buri".

Malama Bakatsiniya:
Bari in ɗauki 'ya'yan venenum, domin a nan ne ake gane wadda aka gada baki da baki da wadda malamai suka ɗauko daga littafi.

Italiyanci veleno. N biyu a jere sun yi wa harshe nauyi, ta farko ta koma l. Haka Bononia ta zama Bologna, Panormus ta zama Palermo. Wannan gado ne na gaskiya. Daga Sisili kalmar ta shiga harshen Malta a matsayin velenu.

Romaniyanci venin. A can dogon e kafin n yana komawa i: plenum ta ba da plin, serenum ta ba da senin. Komai ya tafi daidai.

Harshen Fotugal veneno. A nan ne mai koyo ke faɗawa rami, domin ta fi kowacce kama da uwar, sai a ɗauka ita ce mafi tsarkin gado. Akasin haka ne. Wannan harshe yana zubar da n tsakanin wasula: luna ta zama lua, vena ta zama veia, plenum ta zama cheio. Kalmar da ta riƙe n har biyu tsakanin wasula ba ta bi ta bakin talakawa ba, daga littafi aka dawo da ita bayan ƙa'idar ta gama aikinta. Yawan kama da Latin sau da yawa alamar aro ce.

Sifaniyanci veneno a yau, amma tsofaffin rubuce-rubuce suna da venino da i. Katalan verí. Wannan na buƙatar lura. N ta farko ta koma r, n ta ƙarshe ta faɗi kamar yadda vinum ta zama vi. Amma plenum a Katalan ple ta ba da, ba "pli" ba. To i ɗin verí daga ina? Dole a ce a bakin jama'ar yammacin daular akwai wata siffa *veninum, wadda aka sauya wa ɗafa-ƙeya zuwa -inum da ta fi yawa a harshen. Venino ta tsohon Sifaniyanci ita ma daga nan take.

Ɗan Damagaram:
Malama, Faransanci ya goyi bayanki, amma da ƙarin mataki. Plenum ta ba da plein, frenum ta ba da frein, serenum ta ba da serein. Da venenum ta bi layi da "venein" za mu samu. Abin da ke akwai venin ne, kuma a tsohon Faransanci venim ake rubutawa da m. Wannan m ba kuskuren magatakarda ba ce, domin tana nan da rai a venimeux da envenimer. Shi ya sa ake komar da ita ga *venimen, da ɗafa-ƙeyar -imen. Turawan Normandi da suka ci Ingila a 1066 da siffa mai m suka tafi, a ƙarni na 13 ta bayyana a Ingilishi, ita ce venom ta yau. Faransawa suka koma rubuta n a ƙarshe, Ingilishi ya riƙe tsohuwar m.

Sai kuma aka sake ɗauko kalmar daga littafi, aka samu vénéneux. Yanzu Faransanci na da biyu daga uwa ɗaya, kuma an raba musu aiki: venimeux ga abin da ke sara ko harbi, maciji da kunama, vénéneux ga abin da ke kashewa in an ci, kamar wasu tsirrai. Ɗaliban lakwal na yawan musanya su a jarrabawa.

Malama Bakatsiniya:
Haka ne, Yaya. Ni dai ina ganin *veninum ta isa ta bayyana Katalan da Sifaniyanci, *venimen kuma ta arewacin Faransa ce. Ba sai an tilasta musu uwa ɗaya ba.

Akwai 'ya'ya biyu a wajen gidan harsunan Rumawa, wato waɗanda Latin ya haifa, da nake so a sani. Harshen Welsh a Birtaniya yana da gwenwyn "guba", wadda aka ara tun Rumawa na mulkin tsibirin. Kowane sauti yana da shaida: w ta Latin ta zama gw, kamar vinum zuwa gwin, dogon e ya zama wy, kamar catena zuwa cadwyn "sarƙa" da rete zuwa rhwyd "raga". Wannan wy hujja ce mai zaman kanta cewa wasali na biyu dogo ne, na farko kuma gajere, tunda bai zama wy ba. Malam Abu Maryam, ga ƙarin amsa ga Isidore daga bakin mutanen da ba su san shi ba. A harshen dai ranar Juma'a dydd Gwener ce, daga Veneris, kamar vendredi, venerdì da viernes. Gwenwyn da Gwener 'yan ɗaki ɗaya ne.

Albaniyanci kuma yana da vrer a karin kudu, vner a na arewa. Kudu na mayar da n tsakanin wasula r, kamar arena da ta zama rërë "yashi". Ma'anar ta karkata zuwa ɗaci da ruwan matsarmama.

Ɗalibin Harshe:
Allah ya ƙara ilimi. To poison fa? Ta yaya "abin sha" ya kori venenum daga gurbinta a Faransanci?

Ɗan Damagaram:
Ta fuskar sauti babu wahala. Kalmomin Faransanci daga siffar karɓau ta Latin suke fitowa, wato siffar da suna ke ɗauka in aiki ya faɗa kansa, don haka potionem za ka ɗauka, ba potio ba. Ti kafin wasali ta narke ta zama z, ta jefa i baya cikin gaɓar da ta gabata. Rationem ta zama raison, sationem "shuka" ta zama saison, potionem ta zama poison. Daga baya malamai suka sake aro siffofin littafi, aka samu ration da potion. Poison da potion kalma ɗaya ce da ta shiga harshe sau biyu.

Ta fuskar ma'ana, sakaya ce. Abin sha ya zama abin sha na magani, sannan "abin shan nan" da ba a son ambata. Tun a Latin an fara: a shari'ar Cluentius ta shekara ta 66 kafin Miladiyya Cicero ya yi amfani da potio ga kofin da ya kashe wata mata. A tsohon Faransanci poison na iya zama maganin likita, kuma tamace ce kamar sauran kalmomi masu wannan ƙarshe. Sai a wajen ƙarni na 17 ta tabbata a jinsin namiji. Ta shiga Ingilishi wajen 1200, ta ture tsohuwar kalmarsu attor. Baskawa ma sun are ta, pozoi.

A Sifen da Fotugal reshen ya ba da ponzoña da peçonha, amma aikin ya juye. A Brazil animais peçonhentos su ne masu sara da harbi, venenoso kuma na abin da aka ci ko aka taɓa. Wato abin da Faransanci ya ba venin, harshen Fotugal ya ba 'yar potio. Mai fassara tsakanin harsunan biyu in ya bi kamannin kalma zai juya ma'ana. Italiyanci bai bi su ba, pozione ta tsaya a abin sha na magani ko na tsafi.

Kuskuren furuci kuma: s ɗaya tsakanin wasula z ce, poison "pwazon". S biyu s ce, poisson "pwason", kifi, daga piscis. Babu dangantaka.

Tafinta:
Wannan sakaya ba ta Rumawa kaɗai ba ce. Gift a Jamusanci guba ce, daga aikatau "bayarwa", tsohuwar ma'anar ta rage a Mitgift, dukiyar da amarya ke zuwa da ita. Ana danganta sauyin da tasirin dosis ta likitoci, wadda ita ma "bayarwa" take nufi a Girkanci. Pharmakon ta Girkanci magani ce kuma guba ce. Mu ma muna cewa maganin ɓera, kowa ya san ba warkar da ɓera ake nufi ba.

Likita:
Bari in shigo da virus, domin ita kaɗai ce a cikin huɗun da ta fara da mugunyar ma'ana tun asali. Tushenta *wis-, kuma ƙa'idar da Malam ya kawo ta s zuwa r tsakanin wasula ita ta ba da r ɗin. Sanskirit na da visha "guba", wadda ta bazu gabas: bisa "dafi" a Malay, bish a Bengali. Girkanci ya zubar da w ta farko da s ta tsakiya, ya rage ios, kuma Girkawan yau da wannan kalmar suke kiran ƙwayar cutar.

Virus ba ta rayu a bakin jama'a ba, babu wani harshen Rumawa da ya gaje ta. Likitocin tsakiyar zamani suka ɗauko ta daga littafi don ruwan miki da mugunya. A ƙarni na 18 ta koma nufin duk abin da ke ɗauke da cuta daga jiki zuwa jiki. Ma'anar yau ta zo ne ta hanyar matata. A 1884 Chamberland ya ƙera matatar tangaran mai tare bakteriya. A 1892 Ivanovsky ya tace ruwan ganyen taba mai cuta, ruwan da ya wuce matatar ya ci gaba da harbin lafiyayyen ganye. A 1898 Beijerinck ya maimaita gwajin, ya nuna abin yana hayayyafa ne kawai a cikin tsiro mai girma, ya ɗauka ruwa ne mai rai, ya kira shi virus. Zaton ruwa kuskure ne, amma shi ya sa tsohuwar kalmar ruwan dafi ta dace da shi, sunan kuma ya zauna.

Abu Maryam:
Likita, jam'inta fa? Ana ganin viri da virii a rubuce-rubucen kwamfuta.

Malam Bazazzagi:
Duka biyun kuskure ne. Virus tana cikin 'yan kalmomi ƙalilan masu ƙarewa da -us amma ba namiji ba mace, irin su vulgus da pelagus. Sunan abu ne da ba a ƙirgawa, kamar ruwa ko zuma, kuma ba a samu jam'inta a Latin na da ba. Viri jam'in vir ne, "maza", kalmar da ke da gajeren i kuma ba ta da alaƙa da wannan. Virii kuwa sai in akwai "virius", babu ita. Kowane harshe ya yi jam'i da ƙa'idarsa.

Likita:
Saura toxicum. Toxon a Girkanci baka ne na harbi. Toxikon pharmakon shi ne maganin da ake shafa wa kibiya. Rumawa suka ari jimlar, suka yar da pharmakon da ke ɗauke da ma'anar, suka riƙe sifar da ke nufin "na baka". Abin da ake nufi dai shi ne dafin kibiya, irin wanda maharbanmu ke dafawa daga 'ya'yan kwankwani. Ta gado ta ba da tosco a Italiyancin waƙa da tósigo a Sifaniyanci, inda x ta narke. Tóxico da toxique masu riƙe da x na littafi ne.

Toxin sabuwa ce, Ludwig Brieger ya ƙirƙire ta a shekarun 1880 don gubar da abu mai rai ke samarwa. A 1890 Behring da Kitasato suka nuna jinin dabbar da aka saba wa irin wannan guba yana ɗauke da makarinta, a tsakiyar shekarun 1890 Calmette ya yi amfani da dabarar a kan dafin maciji. Aflatoxin, gubar fumfuna da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi, an haɗa sunanta ne daga A na Aspergillus, fla na flavus, da toxin, bayan mutuwar talo-talo masu yawa a Ingila a 1960.

Tafinta:
A nan akwai tarkon da ke cutar da marasa lafiya, ba ɗalibai kawai ba. Intoxicare a Latin na tsakiyar zamani "sa wa guba" ne. Faransanci da Sifaniyanci sun riƙe wannan: intoxication alimentaire gubar abinci ce. Ingilishi kuwa tun ƙarni na 16 ya karkatar da ita zuwa maye. Takardar asibiti daga Yamai ko Maraɗi in ta ce intoxication, mai fassara da ya saba da Ingilishi zai iya rubuta cewa mutumin ya bugu, alhali abinci ne ya lalace ko maganin ƙwari ya shaƙa. A Hausa a rubuta "guba ta shiga jikinsa", a faɗi ta wace hanya.

Ga yadda nake ganin ya kamata a daidaita. Venom, venin da peçonha su ne dafi, abin da ke shiga ta sara, harbi ko tsini. Poison da veleno su ne guba. Toxin guba ce ita ma, sai a ƙara bayanin mai samar da ita. Veneficium ta Latin kuma ba ta da abokiya da ta fi sammu, wadda muka aro daga samm ta Larabci, domin ita ma ta haɗa abin da aka sa a abinci da aikin asiri.

Malama Bakatsiniya:
Na yarda da rabon, da gyara ɗaya. Veleno ta Italiyanci da veneno ta Sifaniyanci sun haɗa duka biyun: na kububuwa veleno ne, na cikin kofi ma veleno ne. Kada a ɗora musu rabon Faransanci. Sai an duba jimla kafin a zaɓi dafi ko guba.

Barista:
Haka ma in nassin Latin ne na shari'a ko na likitanci kafin ƙarni na 3. Venenum da ba a bi ta da malum ba, kuma mahallin bai ambaci mutuwa ba, "magani" ko "haɗi" ya fi aminci a fassara ta da shi. A nassin Gaius in ka sa "guba" jimlar za ta koma "duk wanda ya ce guba ya faɗi ko mai kyau ce", wanda ba shi da ma'ana a Hausa, alhali da "magani" ta zauna daram.

Ɗalibin Harshe:
Tambaya ta ƙarshe, Malam. Venison ta Ingilishi, naman farauta, tana cikin dangin? Ta yi kama da venom, ƙarshenta kuma irin na poison.

Malam Bazazzagi:
Ƙarshen iri ɗaya ne, ka gani daidai: venationem "farauta" ta bi hanyar rationem da potionem ta zama venaison a Faransanci, daga nan Ingilishi ya ɗauka. Amma ba 'yar venenum ba ce. Daga venari "yin farauta" take, mai dogon e a gaɓar farko. Ka sa ta a layin raison da saison, ba a layin veleno da gwenwyn ba.